Ruwan da Aka Yi a Tulun Mushe

Ina shekara ta biyu a lakwal, wato makarantar boko, aka kawo mana tulun. Lakwal ɗinmu a lokacin aji ɗaya ce tak, rumfar zana a bakin gari, kusa da hanyar da ke tafiya Dogarawa. Mu muke gina ta da kanmu. Duk shekara in an gama girbi, makon farko ba a karatu. Yara maza su tafi gonaki su ɗauko kara da gamba, mu mata mu jiƙa kaba mu murza igiya, iyayenmu su kafa dirkoki. Daga ranar da aka gama ginin, awakin gari suke fara cin sa. Daga ƙasa suke farawa. Kafin tsakiyar rani, wanda ke zaune a aji yana ganin ƙafafun duk mai wucewa, har muka iya gane mutanen gari ta diddigensu.

Malaminmu saurayi ne ɗan Tawa, siriri, dogo, bai fi shekara ashirin da biyu ba. Kowa a gari Mushe yake ce masa, wato malam da Faransanci, har liman. Ba ya tsoron maciji. Na ga ya kashe kububuwa da takalminsa ba tare da ya tsayar da dikte, wato shifta, ba. Takarda yake tsoro. In wasiƙa ta zo daga ofishin ilimi na Ƙonni da hatimi a gindinta, sai ya wanke hannu kafin ya buɗe.

A watan Nuwamba wata motar kasuwa ta sauke masa akwatin katako. Da aka buɗe a gabanmu, sai ga wani abu kamar ƙaramin bokiti na farin ƙarfe, da mazurari a bakinsa, da ƙafa uku da zai tsaya a kai. Akwai kuma wata doguwar kwalba mai zane-zane a jiki. Mushe ya ce ma'aunin ruwan sama ne. Ya rubuta sunansa na Faransanci a allo, sunan ya ci rabin allon. Kwana uku muka yi muna haddace shi, kuma har yau harshena bai iya fitar da shi daidai ba. Mutanen gari ba su wahalar da kansu ba. Suka ce tulun Mushe.

Tare da tulun akwai takarda. Takardar ta ce kowace safiya da ƙarfe takwas a duba, a auna abin da aka samu, a rubuta a kaye, wato littafin rubutu, in wata ya ƙare a aika Ƙonni. Mushe ya karanta ta sau uku yana neman inda aka ce a jira damina. Ba a ce ba. Saboda haka washegari muka fara.

Ga yadda ake yi. In an ɗaga tuta an yi kiran suna, sai yara biyu su fita a jere. Ɗaya ya cire mazurari, ɗaya ya karkata tulun a bakin kwalba. A ɗaga kwalbar a rana, a rufe ido ɗaya a duba. Sannan a dawo, a harɗe hannu a ƙirji, a ce da ƙarfi:

"Zero milimetir, Mushe!"

"Kun duba da kyau?"

"Mun duba, Mushe!"

Sai ya tsoma alƙalami a tawada ya zana zero, kyakkyawa, zagayayye. Kafin zuwan tulun, zero ta ba mu wahala a lissafi, don mun kasa gane dalilin da za a rubuta abin da babu. Yanzu ga ta kullum muna ɗauko ta da hannunmu daga tsakar fili. Ƙarshen wata Mushe yakan sa mu tara zero talatin a kan allunanmu, kuma akwai waɗanda suke samun talatin, a sa su sake. Ba na jin a duk ƙasar Ƙonni akwai yaran da suka san zero kamar mu.

A gefen shafin akwai wani gurbi na bayani, inda ake rubuta abin da aka lura da shi. Nan Mushe ya rubuta ƙadangare sau biyu. Wata safiya aka tarar zabuwa ta yi ƙwai a cikin mazurarin. Ya daɗe yana kallon ƙwan, sannan ya rubuta zero, a gefe ya sa "ƙwai ɗaya", ya aika aka kai wa mai zabuwar.

Da sanyi ya shigo, sai karatu ya koma waje. Muna bin rana da allunanmu, ta matsa mu matsa, har wani lokaci darasi ya fara a gaban lakwal ya ƙare a gindin bishiyar bedi. Lokacin ne kuma muke yin garka, kowane yaro da ɗan fegin salati da tumatir. Muna ɗebo ruwa daga rijiya, kuma hanyar garkar ta gaban tulun take bi. Mushe ya zagaye tulun da toka, taku goma ta kowane gefe, ya ce duk wanda ya tsallaka tokar da ruwa a kansa zai yi durƙuso har rana ta take.

Gidanmu shi ne mafi kusa da lakwal. Kakata, mahaifiyar babana, wadda muke kira Iya, a ƙofar gida take wuni tana kaɗin auduga, kuma ba abin da ke wuce mata. Wata yamma a cikin watan Maris, ina tsince mata auduga, sai ta ce:

"Ke, mi kuka biɗa cikin tulun yaron ga kullum da sahe?"

"Ruwa, Iya."

"Kuna samu?"

"A'a."

"Wa ka zuba mai ruwan?"

"Ba kowa. Sama ake jira."

"Cikin rani?"

Na ce haka takarda ta ce. Iya ta ajiye mazari ta dube ni.

"Baƙo na. Ba shi da macce, ba shi da uwa kusa. Wata huɗu ke nan shina aiken ɗiyan mutane su diba ko wani ya tuna da shi. Garin ga ba kunya."

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani. Amma duk yadda na juya maganar da Hausa, sai ta fito daidai da yadda Iya ta faɗa: akwai tulu, ana so a ga ruwa a ciki, ba a gani. Na haƙura na ci gaba da tsintar auduga.

Washegari ni ce da dubawa, ni da wata ƙawata. Ta cire mazurari, na kama tulun zan karkata shi kamar kullum da yatsa biyu, sai na ji ya ƙi. Ruwa ne cike har wuya. Muka dubi juna. Muka koma aji muka harɗe hannu, amma ba mu da kalmar da za mu faɗa, don ba a taɓa koya mana abin da ake cewa in an samu ba. Sai na tuna abin da muke cewa a kiran suna in yaro bai zo ba.

"Zero absan, Mushe!"

Mushe ya fito, mu duka muna biye. Ya leƙa tulun. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ko ɗigon gajimare babu. Ya duƙa ya tona ƙasa da yatsa, busasshiya ƙamas. Sannan ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya kurɓa. Ya ce ruwan da sanyi, har da ƙanshi. Ni ma na ji ƙanshin tun daga inda nake tsaye. Jema ce. A duk unguwarmu Iya kaɗai ke sa saiwar jema a randa. Na sunkuyar da kai na kama kallon yatsun ƙafata.

Ya tambaya wa ya tsallaka toka. Kowa ya ce ba shi ba ne. Ya shiga ya ɗauko takardar ya sake karantawa a tsaye. Takardar ta ce a rubuta abin da aka samu a cikin ma'auni. Ba ta ce a binciki inda ya fito ba. Muka cika kwalba muka juye a fegin salati, muka sake cikawa, har muka wuce iyakar ƙidayar da aka koya mana, Mushe ya ƙarasa shi kaɗai. A ranar muka san akwai lambobi bayan hamsin. Ya rubuta da fensir, a hankali, kamar mai tsoron kada kayen ya ji. A gurbin bayani ya sa "sama garau".

Washegari ma haka. Jibi ma haka. Iya kuwa sai murna. In na dawo gida takan ce, "Kin gani? Kullum shanyewa shikai ƙaƙaf. Yaron ga ƙishirwa ta kusa kashe shi, ku kuna nan kuna waƙa." Na buɗe baki in ce salati ne ke sha, sai na ga yadda fuskarta ke haske, na rufe.

Ƙarshen wata ya zo, Mushe ya kwafe lambobin da tawada ya aika Ƙonni, don takarda ta ce a aika. Kafin nan labari ya gama gari cewa ana ruwa a lakwal, amma a cikin tulu kaɗai. Wani dattijo ya zo ya shuka gero a bakin tokar. Da yake nan muke zubar da ɗan abin da ya tsiyaye wajen awo, sai geron ya tsiro, kore shar a tsakiyar rani. Shi ke nan, magana ta tabbata.

Wata hantsi muna tsakiyar karatun baƙaƙe, sai muka ga ƙafafun maigari da na dattawa uku ta ƙarƙashin zana. Suka yi sallama suka shigo, muka miƙe. Maigari ya zauna a kan bencin 'yan gaba, gwiwoyinsa kusa da haɓarsa.

"Mushe, mun ji abin alherin da ka faruwa. Ba mu ce ka ba mu ba, mun san na gwamnati na. Aro muka so. Kwana bibbiyu kowace gona, a hwara da tawa."

Mushe ya yi bayani cikin ladabi cewa tulun ba ya kiran ruwa, aunawa kawai yake yi.

"To, ya auna ya samu?"

"Ya samu."

"An yi ruwan ke nan."

"Ba a yi ba, Maigari."

"Kai ka rubuta an yi?"

"Na rubuta."

Maigari ya juya ya dubi dattawan, su ma suka dube shi. Ya ce shi ba ya son gardama da mai ilimi, zai dawo in Mushe ya huta.

Ranar Juma'ar makon ce asiri ya tonu. Masu dubawa suka dawo suna rarraba ido, suka ce ruwan yau ya ƙi bi ta bakin kwalba. Fura ce, damammiya, da nono da ɗan yaji. Mushe ya zauna a bakin tokar ya dafe kai. Da ya ɗago, ni ya kalla, don ni kaɗai ce ban je leƙawa ba. Na fashe da kuka na faɗi duka.

Bai dake ni ba. Ya rubuta "ruwa mai kauri" a gurbin bayani, ya gyara wuyan rigarsa, ya ce in wuce gaba. Muka tarar da Iya tana kaɗi. Ya durƙusa ya gaishe ta, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da jikoki da awaki. Sannan ya ce:

"Iya, na gode ƙwarai. Amma tulun can ba nawa ba ne, na gwamnati ne."

"To, gwamnati ta zo ta cika ma."

"Ba a so a cika shi, Iya. So ake ya zauna ba kome."

"Don mi kuka diba, in kun san ba kome?"

"Don a rubuta."

"A rubuta mi?"

"Cewa ba kome."

Iya ta daɗe tana kallonsa da tausayi. Ta ce masa kada ya ji kunya, ita ma tana da ɗa a Sakkwato, kuma tana fata wata tana can tana cika masa tulu. Ta ce muddin tana da ƙafa, ba za ta ga tulun baƙo a bushe a ƙofar gidanta ta ƙyale ba.

Mushe ba zai iya yi wa tsohuwa tsawa ba, kuma ba zai iya ci gaba da aika fura Ƙonni ba. Sai ya ɗauke tulun ya kai ɗakinsa, ya tura ƙarƙashin gado, ya sayo kwaɗo ya sa a ƙofa. Ya ce in hadari ya fara haɗuwa zai fito da shi. Amma awo bai tsaya ba. Kowace safiya yara biyu su karɓi makulli, su je su jawo tulun daga ƙarƙashin gado, su karkata shi, su ɗaga kwalba a hasken taga, su mayar, su dawo su ce zero. Iya kuwa ta koma aika masa fura a ƙwarya ta hannuna, wannan kam yana sha.

Haka muka ci bazara. Zafi ya yi zafi, aka koma shiga aji da sassafe. Awaki sun cinye zana har iya wuyansu, sun fara miƙewa a kan ƙafa biyu. Da yamma mukan je mu share gonar lakwal mu ƙone kututture, muna jiran shuka kamar kowa.

A farkon watan Yuni takarda ta zo, ana neman Mushe a Ƙonni ya yi bayanin ruwan watan Maris. Ya wanke hannu ya karanta. Washegari ya sa mu yi awo da wuri, ya kulle ɗaki, ya jefa makulli a aljihu, ya bar mu da aikin rubutu, ya hau kekensa. Ya ce zai kwana ɗaya.

Da azahar iska ta tsaya cak. Bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin. Kowa a gari ya fita kama dabbobi da kwashe shanya, mu kuwa 'yan lakwal, ba tare da wani ya kira mu ba, muka sheƙa ɗakin Mushe. Kwaɗo. Muka ja, muka girgiza. Wani ya ce a fasa, amma ba wanda ya yarda ya zama mai fasa ƙofar Mushe. Muna nan tsaye ruwa ya sauko. Ban taɓa ganin irinsa ba kafin ranar. Iska ta ɗauki abin da awaki suka rage na ajinmu ta wuce da shi ta kan gidanmu. Mu wajen talatin muna manne da bangon ɗakin, jiƙe sharkaf, muna leƙen tulun ta kafar ƙofa, shi yana ƙarƙashin gado a bushe.

Da safe gari ya watse gona. Mu muka taru inda aji yake a da, ba abin da ya saura sai dirkoki da allo. Can da hantsi sai ga Mushe a ƙasa, taɓo har gwiwa, tare da wani gajeren dattijo mai furfura da ya naɗe wando, yana riƙe da takalmansa a hannu. Shi ne insifekta, mai duba lakwal-lakwal. Ya ce sai ya ga wurin da idonsa, ya ɗauko Mushe a mota, motar kuma ta kafe a fadama tun da safe.

Aka buɗe ɗaki a gabansa. Rufin bai yi yoyo ko ɗigo ɗaya ba. Ranar ma ni ce da dubawa. Na jawo tulun, na karkata, na ɗaga kwalba, na rufe ido ɗaya. Na dubi Mushe. Ya ce, "Faɗi."

"Zero milimetir, Mushe."

Insifekta ya karɓi kayen ya zauna a bakin gado. Ya bi shi shafi-shafi, ƙadangare, ƙwai, sama garau, ruwa mai kauri. Bai yi dariya ba, amma sau biyu yana cire tabarau yana goge ido. Da ya gama ya ce bai taɓa ganin kaye mai gaskiya irin wannan ba, kuma bai taɓa ganin mara amfani irinsa ba. Ya ce ba zai yiwu a rubuta zero ba alhali motarsa tana cikin taɓo har ƙofa.

Sai ya ba kowane yaro aiki: a je gida a duba duk abin da ya kwana a waje ya tari ruwa, a tsoma kara, a kawo karan da alamar inda ruwa ya tsaya. Muka watse muka dawo da karare. Na ƙwarya daban, na kwano daban, na kaskon kaji daban. Wani ya auno takalmin babansa. Insifekta ya jera kararen a ƙasa, ya tsuguna, ya tambaye mu don me ruwa ɗaya ya ba da tsawo iri-iri. Da sandarsa yana zane a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya nuna mana bambancin abu mai faɗin baki da mai miƙaƙƙen jiki. Darasi ne mai daɗi, kuma ban taɓa mance shi ba. A ƙarshe ya ɗaga karana ya ce wannan fa?

"Turmi, Mushe insifekta."

Ya ce turmi ba daidai ba ne, amma ya fi takalmi. A kawo shi kada ya zube.

Manyan yara huɗu suka kinkimo turmin Iya da ruwansa, suna tafiya kamar masu ɗauke da mara lafiya. Iya na biye da taɓarya a hannu, tana faɗa tun daga ƙofar gida cewa ba ta yi daka ba, kuma ita ba ta taɓa jin inda gwamnati ta kama turmi ba. Insifekta ya gaishe ta da kyau, ya ce aro ne na ɗan lokaci. Aka auna ruwan da kwalba, Mushe ya rubuta, a gurbin bayani insifekta da kansa ya sa "turmi", ya sa hannu. Iya ta leƙa kayen ta ce in dai ruwa suke so, da sun yi magana tun farko.

Aka mayar mata da turminta. Maigari ya tara samari suka je suka ciro motar. Kafin insifekta ya tafi ya ce tunda ba aji, kuma ƙasa ta jiƙu, a sallame mu mu je shuka.

Mushe bai san abin da zai yi da wunin ba, sai ya biyo mu gonar Iya. Ashe bai taɓa shuka ba, a birni ya tashi. Babana yana gaba yana sara da sungumi, aka ba Mushe ƙoƙon iri aka ce ya bi layi ɗaya, ni in bi na kusa da shi in nuna masa. Na ce ya ɗebo da yatsa uku, ya jefa, ya rufe da diddige. Yakan tsaya a kowane rami ya ƙirga ƙwayoyin, har muka kai ƙarshen gona muka juyo yana tsakiya. Da Iya ta yi masa tsawa ya daina ƙirga, sai ya koma zubawa da cikin hannu. Layinsa ya tsiro cunkus kamar gashin kai, kwana biyu muka yi ni da Iya muna rage shi.